Koyar da ƙididdiga ga ɗaliban jinya daga nesa: abin da ya ƙunsa da yadda ake yin sa

Ƙididdiga ita ce ilimin tattara alƙaluma, a tsara su, a fahimci abin da suke nufi, sannan a yanke shawara da su. A makarantun koyon aikin jinya ana koyar da ita ƙarƙashin sunan da Faransanci ke kira biostatistique, sau da yawa a haɗe da darasin bin diddigin cututtuka da na hanyoyin bincike. Koyar da ita daga nesa kuwa na nufin malami yana wuri ɗaya, ɗalibi yana wani, darasi na isa gare shi ta salula, ko kwamfuta, ko takardu. Galibin masu neman irin wannan karatu ma'aikata ne da suka riga suka kama aiki: malamin jinya a wani gidan likita na karkara da ke son ƙara digiri, ko ungozoma da ba za ta iya barin aikinta da iyalinta ta tare a Yamai ko Damagaram na tsawon shekaru ba.

A cikin darussan jinya, ƙididdiga na daga cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan tsari. Ba a koyon yin allura ko karɓar haihuwa ta waya. Amma kayan aikin ƙididdiga su ne rajista da alƙaluma, kuma ɗalibin da ke zaune a gidan likita na ƙauye ya fi wanda ke zaune a aji kusa da su.

Abin da ya haɗa jinya da ƙididdiga

Dangantakar ta samo asali tun farkon aikin jinya na zamani. A watan Nuwamba na 1854, Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Ingila da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya ta yau, tare da mata masu jinya 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Bayan ta koma gida, ta zauna kan alƙaluman mace-macen sojojin, ta zana su wata bayan wata cikin wani zane mai kama da fure. Zanen ya nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haifarwa sun kashe sojoji fiye da raunukan fagen daga nesa ba kusa ba. Da wannan hujja ta matsa wa hukumomi lamba har aka gyara tsabtar asibitocin soja. A 1858 ta zama mace ta farko da aka karɓa a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan, kuma a 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas.

A Nijar, dangantakar ta fi wannan kusa. Kusan duk wani adadi da ake ji a rediyo game da lafiya, ko na masu zazzaɓin cizon sauro, ko na yaran da aka yi wa rigakafi, ko na matan da suka haihu a gidan likita, ya fara ne daga biron wani ma'aikacin jinya. Majo na CSI shi ke haɗa rahoton wata daga rajistocin duba marasa lafiya, da na awon ciki, da na rigakafi, da na masu tamowa. Kowane mako kuma yana aika adadin cututtukan da doka ta wajabta a bayyana, irin su sanƙarau, da ƙyanda, da kwalara. Alƙaluman na hawa daga gidan likita zuwa gunduma, zuwa jaha, zuwa ma'aikatar lafiya, ana shigar da su a manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, kuma ƙasashe sama da 70 ke aiki da ita. Da waɗannan alƙaluman ake raba magani, da allurai, da gidajen sauro.

Matsalar da aka daɗe da sani ita ce, mai cika rajista sau da yawa yana ɗaukar ta a matsayin wani haraji da ake biya ga na sama. Yana cikewa, yana aikawa, ba ya waiwayar ta. Manufar darasin ƙididdiga ita ce ya zama mutum na farko da ya karanta abin da ya rubuta.

Lambar ƙasa

Idan za a zaɓi abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya fita da shi, to bambanci ne tsakanin adadi da kaso. A ɗauka misali: gidan likita na farko ya ga masu zazzaɓi 60 a wata, na biyu ya ga 100. Kowa zai ce cutar ta fi yawa a na biyu. Amma idan na farkon yana kula da mutum 3,000, na biyun kuma 10,000, to a na farko mutum 20 ne cikin kowane dubu suka kamu, a na biyu 10 ne kawai. Lambar sama, wato adadin marasa lafiya, ba ta faɗin komai sai an san lambar ƙasa, wato yawan mutanen da aka ƙirga daga cikinsu.

Ba wasan aji ba ne wannan. Nijar tana cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma a 2015 ƙasar ta fuskanci annobar da ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe fiye da 500. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sabunta a 2014 ta ce: a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu masu alamun cutar 3 cikin kowane 100,000 a mako ɗaya, an kai matakin faɗakarwa, idan aka samu 10, annoba ce. Ga yankin da ke da mutum 80,000, wannan na nufin mutum 8 a mako. Ga wanda bai kai mutum 30,000 ba, ƙa'idar ta sauya: mutum 2 a mako faɗakarwa ne, 5 annoba. Ma'aikacin da ya iya wannan lissafin zai iya buga waya ranar Litinin. Wanda bai iya ba zai jira wani a babban birnin jaha ya lura, kuma mako guda a lokacin sanƙarau ba ƙaramin abu ba ne.

Lambar ƙasa a Nijar tana da nata rikicin, kuma malami nagari ba ya ɓoye wa ɗalibai shi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17.1, da ƙaruwa ta kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Yawan mutanen da ake bai wa kowane gidan likita ƙiyasi ne da aka gina kan irin wannan ƙidaya, ana ƙara masa kaso kowace shekara. Ƙiyasin bai san wanda ya tafi ci-rani ba, bai san makiyayan da suka yi arewa da damina ba, bai san ƴan gudun hijirar da suka shigo yankin Gidan Rumji daga 2019 ba, bai kuma san iyayen da ke tsallako iyaka daga Katsina ko Jigawa su kawo ƴaƴansu Madarunfa ko Magarya ba. Shi ya sa akan ga rahoton da ke cewa an yi wa kashi 120 cikin ɗari na yara rigakafi. Ba dole ne a ce an yi ƙarya ba. Yawanci lambar ƙasa ce ta yi ƙaranci. Haɗarin shi ne a ga wannan adadi a saki jiki, alhali akwai rugage da tungaye da ba a taɓa kai musu allura ba.

Akwai ma'aunin da ke kauce wa wannan tarko, kuma ɗalibai kan so shi domin ba ya buƙatar ƙidaya. Allurar Penta sau uku ake yi wa jariri. Idan yara 200 suka karɓi ta farko, 164 suka karɓi ta uku, to 36 sun ɓace a hanya, kashi 18 cikin ɗari ke nan. Abin da aka saba ɗauka shi ne, idan kason ya wuce 10, akwai matsala: ko nisa, ko yankewar allurai, ko yadda ake tarbar iyaye mata. Lambobin biyu duka daga rajista ɗaya suke fitowa.

Sauran abin da ake koyarwa

Bayan kaso sai matsakaici. A ɗauka yara biyar sun kwanta a cibiyar kula da masu tamowa mai tsanani na kwana 4, 5, 5, 6 da 40. Idan aka haɗa aka raba biyar, za a samu kwana 12, alhali babu yaro ko ɗaya da ya yi kwana 12. Na ƙarshen ne ya ja lissafin. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, za a samu 5, wanda ya fi kama da gaskiyar ɗakin. Ɗalibi na buƙatar sanin lokacin da zai yi amfani da kowanne.

Aikin tamowa cike yake da ƙididdiga, ko da ba a kira ta da sunan ba. Zaren awon damtse yana nuna ja idan bai kai milimita 115 ba, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125. Teburin nauyi da tsawo yana magana ne da alamun -2 da -3, waɗanda ke nuna nisan yaro daga tsakiyar yara masu lafiya da suke tsawo ɗaya da shi. Ma'aikata da yawa na aiki da teburin shekara da shekaru ba tare da an taɓa yi musu bayanin daga ina lambobin suka fito ba. Haka nan ƙa'idojin da ake auna cibiyoyin da su: waɗanda suka warke su wuce kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka rasu kada su kai 10, waɗanda suka daina zuwa kada su kai 15.

Batun samfuri kuwa, duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san shi. Mai saye ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Yana cusa hannu ya ɗebo kaɗan. Amma ya san cewa idan daga baki kawai ya ɗiba, mai sayarwa na iya ɗora mai kyau a sama. Haka binciken da aka yi kan matan da ke zuwa awon ciki ba zai faɗi halin matan da ba sa zuwa ba, kuma su ne aka fi jin tsoro a kansu. Daga nan ake shiga batun tazarar amincewa. Idan binciken abinci mai gina jiki ya ce kashi 12 cikin ɗari na yara na da tamowa, yakan ƙara da cewa gaskiyar tana tsakanin, misali, 9 da 15. Wanda ya karanta 12 kawai zai ce ba a kai layin 15 da OMS ke ɗauka a matsayin matakin da ya yi muni ƙwarai ba. Wanda ya karanta tazarar ya san ba a iya rantsuwa.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne gwajin cuta. A ƙaddara wani gwaji da ke gano mai cuta sau 95 cikin 100, yake kuma wanke marar cuta sau 95 cikin 100. A gwada mutum 1,000 a lokacin da 400 daga cikinsu ke ɗauke da cutar: zai kama 380 na gaskiya, ya yi kuskure kan 30 daga cikin 600 masu lafiya. Cikin 410 da ya ce suna da ita, 380 suna da ita. A sake gwada wasu 1,000 a lokacin da 20 kawai ke da cutar: zai kama 19, ya yi kuskure kan 49 daga cikin 980. Yanzu cikin 68 da ya nuna, 19 ne kawai na gaskiya. Gwajin bai sauya ba, yawan cutar a gari ne ya sauya. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Jamus Gerd Gigerenzer da abokan aikinsa sun nuna tun cikin shekarun 1990 cewa likitoci ma kan ruɗe idan aka ba su wannan tambaya da kaso cikin ɗari, amma sukan gane idan aka ba su ita da ƙirgen mutane, kamar yadda aka yi a nan. Ga mai koyarwa ta saƙon murya, wannan babbar dabara ce, domin ƙirgen mutane na shiga kunne ba tare da allo ba.

A matakin lisans ana ƙara gwaje-gwajen kwatanta rukuni biyu, da lambar nan p da ake yawan gani a rubutun kammala karatu. Mafi yawan ɗalibai kan haddace cewa idan ta gaza 0.05 to an samu sakamako. Abin da take nufi ya fi haka ƙunci: tana faɗin yadda zai yi wuya a ga irin wannan bambanci da a ce babu wani bambanci na gaskiya. Ba ta cewa bambancin babba ne, ba ta cewa abu na farko ne ya haddasa na biyu. Ga ma'aikacin jinya, iya karanta ta a cikin rahoton wani ya fi iya lissafa ta amfani.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne

Tun cikin shekarun 1840 Isaac Pitman ke koyar da gajeren rubutu ta gidan waya a Ingila: ɗalibi ya aiko da aikinsa, a gyara, a mayar masa. Nijar ma tana da nata tarihin. A 1964 aka fara talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa, inda ake watsa darussa zuwa wasu azuzuwan firamare, wani mai kula da aji yana jagorantar yara bayan an kashe akwatin. Gwajin ya ja hankalin masana ilimi na duniya a lokacinsa. Ƙungiyoyin sauraron rediyo na farkon shekarun 1960 su ma sun yi aiki da tsari iri ɗaya: a saurara tare, a tattauna, a mayar da amsa.

A fannin jinya, misalin da aka fi ambata a Afirka shi ne na Kenya. A 2005 majalisar kula da aikin jinya ta ƙasar, tare da ƙungiyar AMREF da kamfanin Accenture, suka ƙaddamar da shirin ɗaga ma'aikata masu ƙaramar shaida, su kimanin 20,000, zuwa matakin difloma ba tare da sun bar aiki ba. Makarantun da ake da su ba za su iya ɗaukar wannan adadi ba ko da cikin shekaru masu yawa. An kafa ɗakunan kwamfuta a asibitoci da makarantu, an zuba darussan a kan injinan ta yadda ba sai da intanet ba, aikin hannu kuma aka bar shi a asibiti ƙarƙashin idon manya. A Najeriya, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ba ma'aikatan jinya masu rajista damar yin digiri. A ɓangaren masu Faransanci, hukumar jami'o'i ta AUF ta daɗe tana tallafa wa karatun digiri daga nesa, kuma tana da cibiya a Yamai. Sai kuma cutar korona, wadda ta rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020, ta tilasta wa malamai da yawa gwada abin da ba su shirya masa ba.

Game da ko ana koyo da gaske, wani babban nazari da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2009, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya samu cewa manyan ɗalibai da suka yi karatu ta intanet ba su gaza na aji ba, har ma sun ɗan fi su, kuma waɗanda aka haɗa musu biyun, nesa da ido-da-ido, su suka fi cin riba. Masu nazarin da kansu sun ja kunne cewa ribar na iya zuwa daga ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu, ba daga na'urar ba. Ya kamata a ƙara da cewa ɗaliban da aka yi binciken a kansu ba su san yankewar wuta ba.

Yadda ake tsara darasin

Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da shawarwari a 2005, ta sabunta su a 2016, kan koyar da wannan fanni: a fifita fahimta kan haddar ƙa'idoji, a yi aiki da alƙaluma na gaske, a sa ɗalibi ya yi da hannunsa. A karatu daga nesa na ma'aikatan lafiya, wannan na nufin aikin gida ya fito daga wurin aikin ɗalibi. Makon farko, ya ƙirga masu zazzaɓi na kowane wata na shekarar bara ya zana su a takarda. Zai ga tudun da ke tashi daga Agusta zuwa Oktoba da idonsa. Mako na biyu, ya lissafa yaran da suka ɓace tsakanin Penta ta farko da ta uku. Na uku, ya kwatanta nasa da na abokin karatunsa da ke wata jaha, su yi gardama kan dalilin bambancin. Ɗalibin da ke Tasawa da wanda ke Konni ba za su kawo amsa ɗaya ba, don haka kwafe aikin wani ba ya yiwuwa cikin sauƙi.

Darasin kai-tsaye ta bidiyo, inda kowa zai hau a lokaci ɗaya, shi ne mafi tsada kuma mafi rauni. Yana cinye mega, yana katsewa, kuma mai gadin dare ko wadda ke ɗakin haihuwa ba za su samu halarta ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne darasi gajere da ake saukewa sau ɗaya: shafi biyu ko uku na rubutu, saƙon murya na ƴan mintoci, hoton lissafin da malami ya yi da hannu mataki-mataki. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita kyauta, tana da ɓangaren salula da ke barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba tare da rezo ba. WhatsApp kowa ya iya shi, kuma ya dace da tambaya da amsa, sai dai darasi kan nutse a cikinsa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Makarantun da suka san aikinsu kan ware wuri ɗaya na ajiye darussa, wani na hira.

Abin da ba ya da madadi shi ne gyara. Kuskuren ƙididdiga ba ya ciwo lokacin da aka yi shi. Ɗalibi na iya juya lambar sama da ta ƙasa ya samu amsa mai kyan gani, ya ci gaba da haka wata uku. A aji, malami na leƙa takardarsa ya tsayar da shi. Daga nesa, sai an tsara wanda zai yi wannan: mai bibiya da ke da ɗalibai kaɗan, yana mayar da aiki cikin kwanaki, yana nuna layin da aka kauce. Tambayoyin da inji ke gyarawa suna da amfani wajen maimaitawa, amma ba sa ganin dalilin kuskure. Duk shirin da ya kashe kuɗinsa wajen ɗaukar bidiyo ya manta da albashin masu gyara, ya gina rumbu ne ba ƙofa.

Harshen karatu Faransanci ne, jarrabawa ma da shi ake yi, don haka dole ɗalibi ya riƙe kalmomin. Amma babu abin da ya hana mai bibiya ya sake bayani da Hausa ko Zabarmanci a saƙon murya, kuma ma'aikacin da zai tsaya gaban kwamitin kula da gidan likita ko gaban maigari ya bayyana dalilin da ya sa ake son sake zagayen rigakafi, da harshen gida zai yi.

Game da manhajojin lissafi, fara da takarda da na'urar lissafi ta salula ya fi. Bayan haka Excel ya isa ga mafi yawan aikin gidan likita. Masu rubutun kammala karatu kan koma ga Epi Info, ko jamovi, ko R, waɗanda ba a saya, da KoboToolbox don tattara amsoshi a waya. Waɗannan suna son kwamfuta, kuma ranar da za a fara su ita ce ranar da ta fi cancanta a tara ɗalibai wuri ɗaya. Akwai wani ƙaramin tarko da ke ɓata wa mutane kwanaki: Faransanci na rubuta biyu da rabi da waƙafi, 2,5, Ingilishi da ɗigo, 2.5. Idan kwamfuta an saita ta da ɗaya aka shigar mata da ɗayan, sai ta ɗauki lambar a matsayin rubutu ko kwanan wata, lissafi ya lalace ba tare da ta yi gargaɗi ba.

Tsoro, wuta da watsar da karatu

Da yawa daga masu shiga aikin jinya sun rabu da lissafi tun a kwaleji, wasu da mummunan tabo. Masu bincike sun daɗe da ba wannan tsoro suna, kuma kaɗaici na ƙara shi: wanda ya kasa gane darasi shi kaɗai da dare yakan ɗauka shi ne kawai bai gane ba. Gwajin farko kan raba lamba, da kaso cikin ɗari, da ƙa'idar uku, tare da makonni biyu na tuni ga masu buƙata, yana hana asarar ɗalibai da yawa. Haka haɗa su biyu-biyu ko uku-uku.

Sauran cikas ɗin kowa ya san su. Rezo na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms yana da ƙarfi a birane, yana raguwa da nisa daga kwalta. Wuta takan yanke musamman a watannin zafi, kuma a gidajen likita da yawa na karkara hasken rana na firjin allurai ne, ba na cajin waya ba. Kalandar aiki ma tana da nata hukunci: daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa, ga kuma zagayen ba yara maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata, ma'aikacin jinya ba ya da sararin buɗe littafi. Shirin da ya sa babbar jarrabawa a watan Satumba bai tambayi ɗalibansa ba.

Sirri, jarrabawa da takardar shaida

Aiki da rajista ta gaske na zuwa da sharaɗi. Ba a ɗaukar hoton shafin da ke da sunayen marasa lafiya a tura cikin rukunin waya. Abin da ke fita daga gidan likita jimla ce kawai, ba suna, ba unguwa, ba lambar waya, kuma da sanin shugaban wurin. A ƙaramin gari, ko shekaru da sunan ƙauye sun isa a gane mace, musamman a rajistar tsarin iyali ko ta cutar sida. Rubutun kammala karatu da zai tambayi mutane kai-tsaye na buƙatar izinin hukumomin lafiya da yardar waɗanda za a tambaya.

Jarrabawar ƙarshe a mafi yawan shirye-shirye masu daraja ana yin ta ne ido-da-ido, a wata cibiya, da katin shaida. Manhajojin da ke amsa tambaya cikin daƙiƙa sun sa wannan ya ƙara zama dole. Wasu malamai kan ƙara da ƴar gajeriyar tattaunawa ta waya, inda ɗalibi zai bayyana da bakinsa yadda ya samu amsarsa da abin da zai yi da ita a wurin aikinsa.

Kafin mutum ya biya kuɗi, akwai abubuwan da ya kamata ya bincika. Makarantun gwamnati na ENSP a Yamai da Damagaram, da sassan kiwon lafiya na jami'o'i, da makarantu masu zaman kansu da suka yawaita, ba matsayinsu ɗaya ba, haka ma na ƙetare da ke talla a Facebook. Ya tambaya ko ma'aikatar da abin ya shafa ta amince da makarantar, ko digirin na cikin waɗanda majalisar CAMES ta tantance, da kuma ko hukumar ma'aikatan gwamnati za ta lissafa shi wajen ƙarin girma. Takardar halartar kwas na ƴan makonni daban take da difloma, ko da an buga mata hatimi mai ƙyalli. Ya kuma tambayi ɗalibai nawa ke hannun mai bibiya ɗaya, da kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar da aikin gida da aka gyara, da garin da za a zauna jarrabawa, domin kuɗin mota da masauki na zuwa Yamai sau biyu a shekara ba ya cikin abin da ake rubutawa a takardar talla.